Shekarar da Ba a Ɗaure Ruwa Ba

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa, don a unguwarmu ba a rasa mai riga ka. Wata Asabar da damina, shekara huɗu da suka wuce, ina zaune a bakin fadama da danƙo rataye a wuya, sai ga wata mata sanye da koriyar riga da takalmin roba har gwiwa, da madubin hangen nesa a ƙirji, da ɗan littafi a hannu. Ta gaishe ni kamar wani babban mutum, ta tambaye ni tsuntsu nawa nake harbowa a rana. Ni da ba a taɓa tambayata komai a duniya ba sai wa ya cinye ragowar tuwo, na gyara zama na ce arba'in. Na ga ta rubuta. Daɗi ya kama ni, na ce ranar da hannuna ke da kyau har sittin. Ta sake rubutawa. Ta tambayi yadda matan unguwa ke kama kifi, na ce ai ranar kwarfa muna kwashe ruwan fadamar nan kaf sai ƙasa ta tsage, mu tara ƙwan tsuntsaye a daro, mu yi mako muna soyawa har kare ya gaji da ƙanshi. Gaskiyar magana, tun da aka haife ni tsuntsu ɗaya na taɓa samu da danƙo, shi ma ina zargin dama ba shi da lafiya. Sai kuma gilashin tagar Fasto, wanda ba ya tashi sama.

Yanzu shekaruna sha bakwai, amma in na tuna fadamar nan sai in ji kamar in nemi sanda in dogara. Yaran da ke tasowa yau ba su san komai ba. Su fadama a wurinsu wani wuri ne mai shingen waya da allo da benci, inda ake shiga a layi ana magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar rasuwa. A zamaninmu ba haka take ba. Kana tsallake tsohon layin dogo ka gangara ta gonakin citta, ƙafarka za ta fara nutsewa tun kafin idonka ya ga ruwa. Da an yi kiran sallar asuba daga wajen kasuwa sai kirinjijiya, agwagin dajin nan masu farar fuska, su fara fito kamar yara marasa tarbiyya, kwaɗi su amsa, can ƙarfen coci ya biyo baya. Balbelu na bin shanu. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar dattijon coci da ke jiran a gama sanarwa. Kazar ruwa na takawa a kan ganyen bado ba ta nutsewa, abin da ni na gwada sau biyu ban yi nasara ba. A nan muke wanke citta a buhu, a nan muke yanko wa awaki ciyawa, a nan muka koyi iyo da zagi. Uwarka ta aike ka ɗebo ruwan ban gwaza, ka dawo bayan awa uku da wando a hannu, ta dake ka, gobe ka koma.

Amma fadamar ta mata ce, a cikin matan kuma ta Kakata ce. Kaka gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta ɗaga murya tsuntsun da ke can garin Gidan Waya ma sai ya tashi. "Maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta yi rashin sa'ar miji, ba noma ba nama. Ruwan fadamar daga wani ɗan rafi yake shigowa, ya fita ta wani matsattsen wuri a gindin tukurwa. Duk shekara da damina ta ɗauke an gama yankan acca, mata kan taru su toshe wannan mafita da laka da kara da tsofaffin buhuna, a kan gindin da iyayensu suka bari. Ɗaurin ruwa ake ce masa. Kaka ce ke sa dunƙulen laka na farko, don ta gada daga uwar mijinta, kuma ba mai sa hannu sai ta sa. Suna yi suna waƙa da yarenmu, rabin waƙar zagin maza ne. Ruwan da aka ɗaure shi ke zama a fadama har rani ya wuce.

Ladan aikin kuwa sai bazara, lokacin da zafi ya kai inda kare ba ya haushi. Ita ce ranar kwarfa. A ranar kusurwar ƙasa kaɗai ake kewayewa da ɗan bangon laka, mata su jeru da ƙore suna kwarfe ruwan suna watsawa baya, har tarwaɗa su fara birgima a taɓo. Sai ka ga Kaka a ciki har ƙugu, ta cafko tarwaɗa ta kai, ba ta taɓa bari ƙayarta ta soke ta ba, ta wurgo mini in sa a kwando, ta zage ni in na faɗar. Kwana uku unguwar nan ba abin da kake shaƙa sai hayaƙin bandar kifi. Tsakiyar fadama kuwa, inda ruwa ke da zurfi tsuntsaye ke ɓuya cikin dogayen ciyayi, ba a taɓawa. Ta taɓa kama abokina Dogo da ƙwai biyu a hula, ta sa shi ya mayar, ta bi shi da kara har ɗakin uwarsa. Kaka ba ta damu da Kirsimeti yadda ta damu da ranar kwarfa ba. Tun watan biyu take sauke ƙwaryarta daga rataya tana dubawa ko ta tsage.

Mako uku bayan hirarmu a bakin fadama, ranar Lahadi lokacin sanarwa, sai ga matar nan a gaban coci. Ashe malama ce a wata sakandare a cikin gari. Kowa Anti yake ce mata, mu muka ƙara Mai Littafi. Ta ce sun haɗa ƙungiyar masu aikin sa kai, malamai da ɗalibai da 'yan fansho da wasu samarin kasuwa, za su ceto fadama domin tsuntsaye suna ƙarewa. Ta yi maganar leda da tsofaffin tayoyi da baƙin mai da kanikawa ke zubarwa a bakin rafi. Wannan duk gaskiya ne, ban musa ba. Sai ta buɗe littafin. Ta ce wani yaro da bakinsa ya gaya mata yana kashe tsuntsu arba'in a rana. Coci ya ɗauki "Yesu!" Ni kuwa har na fara tunanin in miƙe in ɗaga hannu a san ni. Sai ta karanta maganar kwarfa da daron ƙwai. Daga layin zumuntar mata na ji muryar da na sani.

"Ƙarya ne! Wane ɗan banza ya faɗa? A kawo shi in gan shi!"

Wani dattijo ya ce, "Mama, zauna, gidan Ubangiji ne."

"Shi ya sa na ce ƙarya ne, da a kasuwa ne da na ƙara wani abu!"

Na sulale har kaina ya ɓace a bayan benci. Kafin sati ya zagayo mai unguwa ya amince: ba harbi da danƙo, ba kwarfa. Kaka ta yi alkawarin ranar da ta gano yaron nan za ta murɗe masa kunne har ya riƙa jin magana ta baya. Ni ma ina taya ta zaginsa. Na ce ai irin waɗannan yaran ba su da tarbiyya. Na koma zama a bencin ƙarshe a coci, in na hango koriyar riga a titi sai in tuna ina da aike a wata unguwa.

Daga nan muka shiga uku. Kowace Asabar sai ga su a jere kamar ganyen alayyafo, 'yan koren riga. A buɗe da addu'a, a ɗauki hoto, a cire leda biyu, a ɗauki hoto, a sha ruwa, a ɗauki hoto ana shan ruwan. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi shekaru ba jirgin da zai tsayar, aka ba shi usur, sai ya koma tsayar da mu. Ya bi gida-gida da jaka yana karɓe danƙo, na ba shi tsohon na ɓoye sabon a ƙarƙashin katifa. Suka kafa shinge daidai inda muke tsalle mu faɗa ruwa. Ba zan yi musu ƙarya ba, na daina, sharar da suka fitar ta kai a cika kasuwa da ita, kuma sun hana kanikawa zubar da mai. Amma duk wanda ya zo daga cikin gari da takalmin roba ya ce zai koya wa kwaɗo zaman ruwa, ni ba na gaishe shi.

Da damina ta ɗauke, matan unguwa suka zo wurin Kaka suka tambaye ta yaushe za a ɗaure ruwa. Ta ce ba kifi, ba laka, duk mai son tsuntsu ya je ya ɗaure da littafinsa. Ko da hakan, da tsohon gindin nan zai riƙe rabin ruwan, don laka ce da duwatsu na shekara da shekaru. Sai wata Asabar 'yan koren riga suka isa gindin tukurwa. Suka ga buhuna da karare da itatuwa a cushe a bakin ruwa. Mutanen da duk ƙarshen wata suke fitowa yasar kwata a cikin gari, abu ɗaya suka sani: in ka ga buhu a hanyar ruwa, shara ce. Suka ɗauko diga da shebur, suka kama waƙar coci, suka hau haƙa. Ni da Dogo muna kan layin dogo muna kallo. Da ruwan ya ɓalle da ƙara, suka yi tafi, wani har da rawa. Na ruga gida na kira Kaka. Ta zo da zani ɗaure a ƙirji, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ni na tsaya bayan tukurwa don kada Anti ta gan ni.

"Ke, 'yata, wa ya ce ki buɗe wurin nan?"

"Mama, sannu da zuwa. Shara ce ta toshe. Ruwan da ba ya gudu shi ke kawo sauro."

"To in ya gudu, ina zai kwana?"

"Mama, kada ki damu. Mun yi karatu a kan abin nan."

"Karatun ya gaya miki buhun nan na wane ne? Buhun takin ɗana ne. Ni na sa shi da hannuna."

Wani saurayi ya yi dariya ya miƙa mata ruwan leda, wai ta sha ta huce. Kaka ta dubi ledar, ta dubi ruwan da ke gudu, ta faɗi wata magana da yarenmu wadda ba zan fassara ba, don Fasto yana iya karanta wannan. Ta juya gida.

Kafin Kirsimeti ruwan fadama bai fi faɗin tabarma uku ba. Kafin watan biyu awaki na tsallakawa ƙafarsu a bushe, mu kuma mun huda shinge muna buga ƙwallo inda zalɓe ke tsayawa. Safiya ta koma shiru, sai ƙarfen coci shi kaɗai kamar maraya. A cikin haka ranar da 'yan koren riga suka daɗe suna shiryawa ta zo, ranar da manyan baƙi za su zo daga Kaduna kallon tsuntsaye. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo lemo. Baƙin suka sa madubin hangen nesa suka duba gabas da yamma. Abin da suka gani: hankaka biyu, akuyar mai unguwa, da Dogo a tsugune bayan ciyawa yana abin da ya kai shi. Na yi dariya har na faɗi daga kan layin dogo na goge gwiwa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar nan ba.

Dariyar ta tsaya da bazara ta shigo. Wata rana da hantsi na ga Kaka ta sauke ƙwaryarta, ta share ta da bakin zani, ta juya ta ta duba gindinta, ta mayar ta rataye. Ba ta ma zagi yaron nan ba. Na fi son a ce ta zage shi.

Bayan kwana kaɗan da yamma sai ga Anti Mai Littafi a gidanmu, ba koriyar riga, atamfa ta ɗaura, da burodi a leda. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka. Kaka ta bar ta a durƙushe har ta gama tsince wake.

"Mama, mun yi kuskure. An ce ke kaɗai kika san yadda ake tsare ruwan nan."

"Karatun ya ƙare?"

"Mama, ki yi haƙuri. Amma batun kwarfa ne ke ba mu tsoro. In an kwashe ruwan duka, an kwashe ƙwai a daro, me ya rage?"

"Wane daro? Ke kin ga daron?"

"Yaron ne ya gaya mini, na rubuta." Ta buɗe jaka za ta ciro littafin, daidai lokacin da na shigo da bokitin ruwa a kai. Wata tara ina guje wa matar nan a titi da coci da kasuwa, ta zo ta same ni a tsakar gidanmu. Ta miƙe da murna. "Ai ga shi nan! Mama, shi ne maharbin!"

Kaka ta dube ni. Na dubi bokiti. Ta ce, a hankali, "Maigida, je ka ɗauko wanda ka ɓoye a ƙarƙashin katifa." Ashe ta sani. Ta ɗora gwangwanin madara a kan turmi, ta ƙirga taku biyar, ta ja layi a ƙasa da ƙafa, ta ba ni duwatsu goma. Na farko ya tafi wajen rumbu. Na biyu ya dawo ya bugi babban yatsana. Na bakwai ya sauka a kwanon rufin maƙwabta, matar gidan ta fito tana tambayar wanda ya gaji da duniya. Da na goma ya wuce, gwangwani na nan zaune, kajin gidanmu ma ba su fasa kiwo a gindin turmin ba, sun san ni.

"Ga mai arba'in ɗinki," in ji Kaka.

Anti ta dube ni ta ce, "Ƙwan fa? Daron fa?"

Na ce, "Anti, na ga kina rubutawa ne, na ce kada littafin ya zauna ba komai."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma wani abu, ta rufe fuska da hannu. Ni ina jiran murɗar kunnen da aka yi mini alkawari. Kaka ba ta taɓa ni ba. Sai dai ta yi wata guda tana kirana da sunana na baftisma, cikakke, kamar malamin makaranta. Da duka ne da na fi samun sauƙi.

Ta gindaya wa Anti sharaɗi biyu. Kwarfa za ta dawo, kusurwar ƙasa, rana ɗaya, yadda aka saba. Kuma su da suka kwashe gindin da uwar mijinta ta bari, su za su ɗauko duwatsun sabo a kansu. Anti ta amince, mai unguwa ya amince, mai usur ma ya amince ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Amma ruwa ba a ɗaure shi sai damina ta ɗauke, don haka sai jira. A cikin daminar nan gwiwar Kaka ta dama ta kumbura. Aka je asibiti, aka dawo da ƙwayoyi, aka gasa da ruwan zafi, kumburin ya ƙi sauka. Ranar ɗaurin ruwa a babur aka kai ta har layin dogo, ni da Dogo muka ɗauke ta a kujera zuwa gindin tukurwa. 'Yan koren riga na jere da kwanon sarki a ka, malamai da 'yan fansho, taɓo har gira, ba mai hannun ɗaukar hoto. Takalmin Anti ɗaya ya maƙale a laka, har yau yana cikin gindin, ya zama na tarihi. Mata suka tsaya, ba mai sa hannu, ana jiran dunƙulen farko. Kaka ta yunƙura ta kasa. Ta ce, "Maigida, kawo." Na ɗebo laka da hannu biyu, ta dafa ta da tafinta, na shiga na ajiye inda ta nuna da sanda. Ta ce na ajiye a karkace. Mata suka ɗauki waƙa, kuma na lura baitin zagin maza ya sami sabon suna a ciki.

Har yanzu ba na son 'yan koren rigar nan, kada wani ya yi tsammanin mun shirya. Shingen na nan. Allon da suka kafa yana ɗauke da sunan ƙungiyarsu da hoton zalɓe, ba sunan mace ko ɗaya a cikin waɗanda suka yi shekaru suna ɗaure ruwan. Mai usur bai mayar wa kowa danƙonsa ba. Yaran yanzu suna zuwa da malamansu su zauna a benci su rubuta sunayen tsuntsaye da Turanci, ba wanda ya iya iyo a cikinsu. Wani lokaci Anti takan ce in taya ta ƙirga kirinjijiya, amma ba ta rubuta abin da na faɗa sai ta sake ƙirgawa da kanta.

Ruwan ya zauna. Tsuntsaye sun dawo, suna fito tun da sassafe kamar dā. Ana kwarfa duk bazara. Shekarar da aka hana ita ce ta ƙarshe da ƙafar Kaka za ta iya shiga taɓo, ba ta sake shiga ba. Rabonta na kifi a roba ake kawo mata gida, ni nake ɗaukowa. Ƙwaryar tana nan a rataye.